Cikin Yaro Ba Ya Jiran Sallah: Kira ga Iyaye Maza na Gwandu da Kalgo

In ka ɗan tsaya kusa da rumfar mai POS ranar kasuwa, a Kalgo ne ko a Gwandu, za ka ga wata mata da ba ciniki ya kawo ta ba. Tana goye da jariri, wani yaron na riƙe da gefen hijabinta, a hannunta akwai 'yar waya mai madannai da aka ɗaure bayanta da kyauro. Za ta miƙa kati ta ce, "Ɗana, duba min ko an turo." Ya latsa, ya girgiza kai. Ta ce, "Sake dubawa dai, cewa ya yi da safe zai sa." Ya sake, babu. Sai ta ce ƙila matsalar sabis ce, ta ja yaronta ta yi gaba. Mai POS ya san sabis lafiyarsa ƙalau, ita ma ta sani. Yaron nan kuwa a wannan sa'ar aji ya kamata a ce yake. Ba ya can, domin littafin rubutunsa ya cika tun makon jiya, takalminsa ya tsinke, kuma ko koko bai sha ba ya fito.

Uban yaron nan yana da rai, yana da lafiya. Da shi nake son magana, shi da ire-irensa, da mu da muka san su muka yi shiru.

Kada wani ya ɗauka cin rani nake zagi. Tun kaka da kakanni mutanen ƙasar nan in sun kau da amfanin gona sukan kama hanya. Yau 'ya'yan Dalijan da Kambaza da Malisa da Diggi da Zuguru suna Legas, suna Ibadan, suna Abuja da Fatakwal. Wani na dakon albasar Aliero a kasuwar Mile 12, wani na gadi, wani na tura kurar ruwa, wani na kwana a kan babur. Da yawansu mazaje ne na gaske, mutum ya yini da gari da ƙuli don ya turo wa iyali. Waɗannan Allah ya yi musu albarka, ya dawo da su gida lafiya. Amma a cikinsu akwai wanda wata uku na farko yake turowa, daga nan sai waya ta fara shiga ba a ɗauka, daga baya ma a ji ta a kashe. Akwai kuma wanda ko tasha bai je ba. Yana nan cikin gari, ya saki uwar, sai ya haɗa da 'ya'yan ya saka. Kullum ana ganinsa a majalisa da sabon ɗinki, har ana maganar zai ƙara aure bayan girbi, alhali 'ya'yansa uku na gidan kakarsu ta wajen uwa, tsohuwar da ita kanta a ciyar da ita ake nema.

Mu dubi halin da yaranmu ke ciki kafin mu ce abin ƙarami ne. Binciken lafiya da yawan jama'a na ƙasa da aka yi a 2018 ya nuna cewa a Jihar Kebbi, cikin yara 100 'yan ƙasa da shekara biyar, 66 sun tsumbure, tsayinsu bai kai na shekarunsu ba. A ƙasar baki ɗaya 37 ne. A lokacin babu jihar da ta kai mu. Binciken ya kuma nuna cewa cikin yara 1,000 da aka haifa da rai a jihar, 252 ba sa ganin shekara biyar, wato kusan ɗaya cikin huɗu. Jihar da ke noman shinkafar da aka zuba a buhu aka kai wa Legas a 2016 da sunan Lake Rice, ita ce ƙungiyar likitoci ta MSF ta zo ta buɗe wa wurin jinyar yara masu tamowa a Maiyama. Ban ce gudun nauyin ubanni ne kaɗai ya jawo wannan ba. Talauci na nan, zazzaɓin sauro na nan, ruwan sha marar tsabta na nan, tsadar da ta biyo bayan cire tallafin mai a 2023 ma ta yi nata. Sai dai waɗancan duk sai an jira gwamnati ko an jira lokaci. Wannan kuwa gyaransa na cikin aljihun mutum ɗaya, yau ɗin nan.

Abin da mutanenmu da yawa ba su gane ba shi ne tsumburewa ba a tsawo kaɗai take tsayawa ba. Likitoci na maganar kwana 1,000 na farko, daga shigar ciki zuwa cikar yaro shekara biyu. A wannan tsakanin ne ƙwaƙwalwa ke ginuwa da saurin da ba za ta sake yi ba har abada, kuma da abinci ake ginin. Yaron da aka yaye da kunu zalla, babu ƙwai, babu wake, babu gyaɗa, babu ɗan kifi ko zogale, ga zawo yau ga zazzaɓi gobe ba kuɗin magani, zai iya rayuwa, amma zai shiga aji ɗaya da giɓin da malami ba ya gani da ido. A biya masa karatu sau biyar bai riƙe ba. A makarantar allo ya shekara a kan 'yan surori. Sai mu ce daƙiƙi ne, mu ce ya gado dangin uwarsa. Uban ya dawo bayan shekara huɗu da buhun shinkafa da yadin shadda yana jin ya fanshe. Shinkafar za a ci, shaddar za a ɗinka, amma ginin da aka tsallake yana da wuya ya koma yadda ya kamata ya kasance.

Ga abin da aka gwada a maƙwabtanmu, ba a wata uwa duniya ba. Daga 2014, a Anka da Tsafe na Jihar Zamfara, da Buji da Gagarawa da Kiri Kasamma na Jihar Jigawa, ƙungiyoyin Save the Children da Action Against Hunger sun gudanar da wani shiri da tallafin gwamnatin Birtaniya. Mace mai ciki ana ba ta Naira 3,500 duk wata har ɗanta ya cika shekara biyu, ana kuma koya mata da mijinta yadda ake ciyar da jariri. Da masu bincike suka kwatanta ƙauyukan da suka samu da waɗanda ba su samu ba, sai suka tarar tsumburewa ta ragu, yaran na cin abinci iri-iri, rashin lafiya ya yi sauƙi. Ko a wancan lokacin 3,500 ba wani kuɗin a zo a gani ba ne. Ƙarfinsa shi ne ba ya fashi. Uwa ta san ranar kaza zai shigo, don haka tana iya cin bashin ƙwai a shago da gaba gaɗi, tana iya kai yaro asibiti tun zazzaɓi bai kayar da shi ba. Da yayyafi kogi kan cika. Dubu biyar ɗin da ke zuwa kan kari duk wata ta fi wa yaro amfani a kan dubu sittin da za ta faɗo sau ɗaya ana jajiberin Sallah, a kashe ta a kayan sawa da lalle, a wayi gari an koma gidan jiya.

Sai maganar makaranta. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ce karatun shekara tara na farko kyauta ne kuma dole ne. To, amma duk wanda ya taɓa sa yaro a makaranta ya san kyautar nan tana da 'yan rakiya: kayan makaranta, takalmi, littafi, biro, sabulun wanki, kuɗin tara, ga kuɗin Laraba na malamin allo, ga na Islamiyya. Kowanne ɗan ƙarami ne, amma in suka taru a kan macen da ke kulle, jarinta bai wuce ƙullin daddawa da kwanon ƙuli-ƙuli ba, sai su zama dutse. Ita kuma ba ta fita kasuwa da kanta, to wa zai fita? Nan ake ɗora wa yarinya faranti. Da farko bayan an tashi daga makaranta ne. Daga nan sai ranar kasuwa ta riƙa fashi. Kafin ta kai aji biyar, tallar awara ta cinye karatun, domin cinikin da ta kawo da yamma shi ne tuwon dare. Kowa ya san abin da yarinya mai talla ke gamuwa da shi a tasha da bakin shaguna, ba sai na fayyace ba. Namijin kuwa in uwar ta samu wani auren, sau da yawa sabon mijin ba ya son agola, sai a haɗa shi da wani malami a tura shi gabas da sunan karatu, alhali kowa ya san bakinsa aka rage. Shirin AGILE da Bankin Duniya ke tallafawa, wanda Kebbi na cikin jihohi bakwai na farko da suka shiga, yana ƙoƙarin riƙe 'yan mata a sakandare. Amma yarinyar da farantin talla ya ɗauke tun tana aji huɗu na firamare, ina shirin zai gan ta?

A Kalgo aka gina mazaunin dindindin na Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, wadda aka kafa a 2013. Ni kam duk lokacin da na bi ta hanyar nan na ga yara na bin motoci da ledar ruwa, sai in tambayi kaina nawa ne cikinsu za su taɓa shiga ƙofar nan a matsayin ɗalibai. Jami'a ta zo har gida, 'ya'yan wasu za su zo daga nesa su cika ta, namu su sayar musu da gyaɗa.

Turawa ma sun daɗe suna bibiyar wannan al'amari, don su ma suna da ubannin da ba sa gida. A 1999 wasu masana biyu a Amurka, Paul Amato da Joan Gilbreth, suka tattara bincike 63 kan irin waɗannan iyaye. Suka tarar yaran da ubanninsu ke biyan kuɗin kula da su sun fi ƙoƙari a makaranta, kuma sun fi ƙarancin rigima. Suka kuma tarar yawan leƙowa kawai bai cika sauya komai ba, sai in uban na yin aikin uba: ya san halin da karatu ke ciki, ya tsawata, ya yaba, ya ja yaron a jiki. Zamansu daban, namu daban, amma wannan kam ko tsohuwa a ƙauye ta san shi. Yaro yana lissafi. In aka ce masa, "Babanka ne ya aiko da kuɗin littafin nan," yakan riƙe littafin da wata irin daraja. In kuma kullum abin da yake ji shi ne, "Je ka tambayi ubanka, in ka san inda yake," to da wannan zai kwana, da shi zai zauna a aji, kuma wata rana da shi zai tarbi uban.

Abin kunyar shi ne a ƙasar Gwandu muke wannan magana. A nan Malam Abdullahi ɗan Fodiyo yake kwance kusan shekara 200, kuma har gobe ana zuwa ziyarar hubbarensa. Shi da kansa, da ya zo lissafa malaman da ya yi karatu a wurinsu a littafinsa Ida'un Nusukhi, da mahaifinsa ya fara, don a wurinsa ya karanci Alƙur'ani kafin a danƙa shi ga wansa Shehu Usmanu. Mutumin da ya rubuta Diya'ul Hukkami da Diya'ut Ta'wili, a gaban uba aka fara dasa shi. Littattafan fiƙihun da ake biyawa a zaurukanmu, Risala da Muhtasar, ba su bar wannan mas'ala a duhu ba. A mazhabar Malikiyya ciyar da ɗa namiji na kan uba har ya balaga yana iya neman na kansa, 'ya mace kuwa har ta tare a gidan mijinta. Renon yara bayan rabuwa haƙƙin uwa ne, in ta yi wani auren ya koma ga mahaifiyarta, amma ko a hannun wa suke, ci da sha da sutura na wuyan uba. Aya ta 233 a Suratul Baƙara a kan uban ta ɗora ciyarwa da tufatarwa, gwargwadon ƙarfinsa. Saki yana yanke igiyar aure, ba ya yanke wannan.

Na san amsoshin, don na sha jin su a majalisa. "Ni ba zan ba ta kuɗina ta ci da wani ƙato ba." To Malam, wa ya ce sai ka ba ta a hannu? Auna tiyar gero da ta wake ka aika. Je wurin mai shagon unguwarsu ku yi yarjejeniya, a riƙa ba yaran sabulu da ƙwai kana biya ƙarshen wata. Kai kuɗin makaranta wurin shugaban makaranta da kanka. Hanya ba ta ɓace wa mai niyya. Wani ya ce, "In tana so in ciyar, ta kawo min ɗana." Wato ka ƙwace yaro ɗan shekara uku daga uwarsa ka kai wa amarya, ko kuwa ya zauna da yunwa har uwar ta sare. Wannan garkuwa ce da cikin yaro, kuma shari'a ba ta ba ka ita ba. Sai babbar mafakar: "Bakin da Allah ya tsaga ba ya hana shi abinci." Gaskiya ne, Allah ke ciyarwa. Amma kai ya sanya sababi, kuma kai zai tambaya. Ban taɓa ganin mai wannan maganar ya bar wayarsa ba kati yana jiran Allah ya sa mata ba.

Wanda da gaske ba shi da shi, wannan daban ne, kuma addini bai ɗora wa rai abin da ba ta iyawa ba. Amma rashi ba ya hana kira. Ka kira ka ce wannan watan dubu ɗaya ce ta samu, ga ta. Ka ce a ba ka yaron ku gaisa, ka tambaye shi inda ya tsaya a allo. Ɓoyewa saboda kunyar rashi ita ke mayar da rashin wata ɗaya ya zama ɓatan shekara biyar.

Ku kuma iyaye mata, ina da magana biyu da ku. Da yawanku kun gwammace ku mutu a tsaye da a ce kun kai uban 'ya'yanku ƙara. Kunya ado ce, amma wannan haƙƙin ba naku ba ne balle ku yafe, na yaran ne. Hindu matar Abu Sufyana har gaban Manzon Allah (SAW) ta kai kukan cewa mijinta ba ya ba ta abin da zai ishe ta da ɗanta, kuma ba a ce ta yi rashin kunya ba, izini aka ba ta ta ɗauki abin da zai wadatar da su bisa adalci. Ki fara da waliyyai, in ba a ji ba ga mai unguwa da hakimi, ga Hisba, ga kotun shari'a. Ta biyun kuwa ba za ta yi wa wasu daɗi ba: in ya aiko don yara, to a cikin yara za a sa. Kuɗin littafi ba na zubin adashe ba ne, ba na ankon biki ba ne. Kuma kada ki hana shi ganin 'ya'yansa don haushin abin da ya yi miki. Mace ɗaya da ta karkatar da kuɗin yara takan zama hujjar maza goma da dama neman hujja suke.

Limamanmu na Juma'a, daga Gwandu zuwa Kalgo, mun ji huɗuba kan tufafin mata har mun haddace. Muna roƙon a ware Juma'a guda a yi ta kan nafaƙar 'ya'ya, a faɗe ta da Hausar da kowa zai gane, har da maganar abincin jariri. Kuma in mutum ya zo ɗaurin sabon aure alhali an san yana da 'ya'ya a wani gida, mene ne laifi in waliyyin amarya ya tambaye shi wa ke ciyar da su? Wanda ya yar da 'ya'yan wata, 'yarka ce ta gaba. Shugabannin 'yan cin rani da sarakunan Hausawa na kudu, kun san ɗakin da kowa ke kwana, kun san cinikin kowa. In saƙo ya zo daga gida cewa wane ya yi wata shida bai aiko ba, ku zaunar da shi. Yadda kuke haɗa kuɗi ku kai gawar ɗan'uwa gida, haka ya kamata ku tsaya wa 'ya'yansa yana raye.

Alƙalai, don Allah kada a tabbatar da saki a tashi ba a rubuta abin da uba zai riƙa bayarwa ba, da ranar bayarwa, da hannun wanda zai karɓa. Kuma a riƙa waiwayar adadin, domin abin da aka yanke shekara uku da suka wuce yau ko tiya biyu ba zai auna ba. In ma'aikaci ne, a cire daga albashi tun kafin ya shiga hannunsa. Jiharmu ta samu dokar kare haƙƙin yara tun 2022, saura a gan ta tana aiki a ƙauye. Gwamna Nasir Idris malamin makaranta ne tun asali, har ya shugabanci ƙungiyar malamai ta ƙasa, don haka ya san fuskar yaron da ya zo aji da yunwa. Gwamnatin da ta iya ɗaukar nauyin auren gata za ta iya duba abin da Tunisiya ta yi a 1993 da Masar a 2004: asusun da ke biyan uwa abin da kotu ta yanke in uba ya ƙi, sannan hukuma ta bi shi ta karɓo kuɗinta. Ƙasashen Musulmi ne, kuma ta haka yaro ba ya zama da yunwa yana jiran a gama jan-in-ja. Masarautar Gwandu kuma, in Mai Martaba ya umarci hakimai da dagatai su san gidajen da aka bar yara ba mai ciyarwa, cikin mako guda za a sani, don babu mai unguwar da bai san su ba.

Kai kuma ɗan'uwana da wannan rubutu ya iske, ko kana ƙarƙashin gada a Legas, ko kana zaune a majalisa nan cikin gari, lambar tana cikin wayarka. Kira yau. Tambayi ajin da ɗanka yake, don na san wasunmu ba su sani ba. Yanke abin da za ka iya, komai ƙanƙantarsa, ka sa masa rana a wata, ka faɗa wa uwar ranar. In ta je wurin mai POS a ranar nan, ta same shi.